Yadda Ake Tsara Zaɓin Kaya a Manhajar POS Ba Tare da Lissafi Ya Rikice Ba

Idan aka ce POS, abin da ke fara zuwa ran yawancinmu shi ne ƙaramar na'urar nan da ake soka kati a ciri kuɗi. Amma akwai wata POS ɗin, wato manhajar da mai shago ke sakawa a waya domin rubuta cinikin da aka yi, fitar da rasit, da sanin kayan da suka rage. Loyverse na cikin waɗanda aka fi sani, kuma ana samunta a Android da iPhone. Da ita zan yi misali, amma ƙa'idar ɗaya ce a yawancin irin waɗannan manhajoji.

Kwanakin baya wani abokina mai shagon shawarma ya kira ni ransa a ɓace. Kuɗin da ke cikin durowa ba ya daidaita da abin da manhaja ke nunawa, har ya fara zargin yaron shagonsa. Da na karɓi wayar na duba, sai na tarar ya shigar da kowane haɗi a matsayin kaya daban: shawarmar kaza, shawarmar kaza da ƙwai, shawarmar kaza da ƙwai da sosej, haka dai har allon ya cika. Idan layi ya yi tsawo, yaron ba ya iya tsayawa nema, sai ya danna wanda ya fi kama da abin da aka saya. Ba sata ba ce, tsarin ne ya lalace tun daga tushe.

Nau'i daban, ƙari daban

Manhajar ta tanadi hanyoyi biyu na bai wa mai saye zaɓi. Na farko shi ne nau'i, wanda za ka ga an rubuta Variants. Na biyu shi ne ƙari, wanda aka rubuta Modifiers.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ka tambayi kanka: shin dole ne mai saye ya zaɓi guda ɗaya tak kafin a ba shi kayan? Idan eh ne, nau'i ne. Ba a sayen takalmi ba tare da lamba ba, ba a kuma yin shawarma ba tare da an san ta kaza ce ko ta naman sa ba. Idan kuwa mai saye zai iya ɗaukar ɗaya, ko uku, ko ya bar su duka, to ƙari ne, kamar ƙwai ko sosej.

Dubi lissafin shagon abokin nawa. Nama iri 2 ne, girma iri 2, wato nau'i 4 ke nan. Abubuwan ƙari kuma 5 ne: ƙwai, sosej, cuku, kabeji da mayonis. Tunda kowanne ana iya sawa ko a bari, haɗuwarsu kaɗai ta kai 32. Ka ninka da 4, ka samu 128. Babu yaron shagon da zai iya lalubo maɓalli ɗaya cikin 128 alhali mutane na jira. Da muka gyara, komai ya koma kaya 1, nau'i 4 da ƙari 5.

Yadda ake saita nau'i

Ka shiga Back Office na asusunka ta burauza, ya fi sauƙi a kwamfuta. Ka buɗe Items, ka ƙirƙiri kayan da suna ɗaya kawai, misali "Shawarma". Sai ka danna wajen ƙara Variants, ka rubuta sunan zaɓin farko "Nama", ka sa Kaza da Sa a ƙarƙashinsa. Na biyu "Girma", ka sa Ƙarama da Babba. Manhajar da kanta za ta jero maka haɗuwa huɗun, kai kuma ka sa wa kowanne farashinsa. Kowane nau'i yana da lambar kayansa da adadin da ya rage, shi ya sa mai sayar da takalma zai iya sanin cewa baƙi mai lamba 42 ya ƙare ko da sauran suna nan.

Yadda ake saita ƙari

A ƙarƙashin Items ɗin dai, ka shiga Modifiers ka buɗe rukuni, a ce "Ƙari". Ka jera abubuwan da farashinsu, misali ƙwai ₦300, sosej ₦500. Ka buɗe wani rukunin mai suna "Ban da", ka sa yaji da albasa a kan farashin sifili, domin ba kuɗi ake nema da su ba, saƙo ne ga mai haɗawa.

Matakin da mutane suka fi mantawa shi ne na ƙarshe: ka koma cikin kayan ka kunna rukunin a kansa. Idan ba ka kunna ba, ba zai fito a lokacin ciniki ba. Rukuni ɗaya yana iya aiki a kan kaya da yawa, saboda haka ranar da ƙwai ya yi tsada, wuri ɗaya za ka canza farashi ya shafi shawarma da indomi gaba ɗaya.

Abin da za ka kiyaye

A Loyverse, ƙari ba shi da lissafin adadi nasa. Idan ka sa lemon kwalba a matsayin ƙari, kuɗinsa zai shiga, amma adadin da ke cikin firji ba zai ragu a manhaja ba. Duk abin da kake ƙirgawa da daddare kafin ka rufe shago, ka shigar da shi a matsayin kaya mai zaman kansa.

Kafin ka fara aiki da sabon tsarin, ka yi cinikin gwaji mai ƙari biyu ko uku, ka duba ko sun fito a rasit kuma jimillar ta yi daidai, sannan ka mayar da cinikin. Bayan haka ka miƙa wa yaron shago wayar ya gwada ba tare da ka yi masa bayani ba. Duk inda ya tsaya yana kallon allo, nan ne ke buƙatar gyara.