Babur Mai Ƙafa Huɗu: A Bar Shi Ya Hau Hanyar Mota?

A ƙauyukan Amurka akwai wata gardama da ta daɗe ana yinta a majalisun gundumomi da na jihohi. Gardamar kuwa a kan wani abin hawa ne da aka ƙera domin jeji da gona, watau babur mai ƙafa huɗu. Waɗansu suna so a bar shi ya bi hanyar gwamnati tare da motoci. Waɗansu kuwa sun ce yin haka zai jawo asarar rayuka. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu wannan labari, gama akwai abin koyo a ciki domin kowane gida.

Kamfanin Honda na ƙasar Japan ne ya fara kai irin wannan babur Amurka cikin shekara ta 1970. A lokacin ƙafa uku gare shi, da manyan tayoyi masu taushi. Cikin 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu. Mai ƙafa ukun nan ya yi ta kifewa da mutane, yara da yawa suka mutu, har cikin 1988 gwamnatin Amurka da kamfanonin suka yi yarjejeniya aka daina sayar da sababbinsa. Mai ƙafa huɗu ya maye gurbinsa. Daga baya aka ƙara fito da wani iri mai sitiyari da kujeru, kamar ƙaramar mota.

Ga manomi abin nan yana da amfani ƙwarai. Da shi yake zagaya gona, ya duba shanu, ya ɗauki taki ko waya ta gyaran shinge. Yana ratsa taɓo da yashi inda mota za ta kafe. Amma sau da yawa gonakin mutum ɗaya ba a haɗe suke ba, sai ya bi hanya kafin ya kai ɗayar. Wannan ita ce hujja ta fari ta masu so a buɗe hanya.

Hujja ta biyu ta kuɗi ce. A jihar Bajiniya ta Yamma, inda aikin haƙar kwal ya ja baya, an buɗe hanyoyin jeji na Hatfield-McCoy cikin 2000 domin masu hawan baburan nan. Garuruwa kamar Gilbert suka yarda baƙi su shigo da su cikin gari su sha mai, su ci abinci, su kama ɗaki. Talakan da ya sami ciniki ta wannan hanya, da wuya a ce masa a rufe ta.

To, me ya sa ake jin tsoro? Hausawa sun ce kifi a ruwa sarki ne. Abubuwan da suka ba babur ɗin nan ƙarfi a jeji su ne suke zama masa lahani a kan kwalta. Iskar tayarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na iskar tayar mota ba, domin an yi ta ta lotsa cikin ƙasa mai laushi. A yawancinsu ƙarfe guda ne ya haɗa ƙafafun baya, saboda haka tare suke juyawa. Sa'ad da mota ta sha kwana, ƙafar waje takan fi ta ciki juyawa. Shi kuwa babur ɗin nan sai ƙafar ciki ta ɗan zame a kan ƙasa kafin ya iya juyawa. Kwalta ba ta barin taya ta zame, tana riƙe ta gam. Ga shi kuma babur ɗin dogo ne, ba shi da faɗi, nauyinsa yana sama. Idan mai tuƙi ya shiga kwana da gudu, sai ya kife, ya danne shi.

Kamfanonin da suke ƙera shi da kansu sukan manna gargaɗi a jikinsa cewa kada a hau hanyar gwamnati da shi, ƙungiyarsu kuma ba ta goyon bayan buɗe masa hanya. Masu bincike na Jami'ar Ayowa, Gerene Denning da Charles Jennissen, sun nuna cikin 2013 cewa fiye da rabin waɗanda baburan nan suka kashe a Amurka a kan hanya suka mutu, ba a jeji ba. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar kuma ta ba da shawara kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi.

Duk da haka jihohi suka yi ta sassautawa. Cikin 2014 wata ƙungiya mai kāre masu sayen kaya ta ƙirga jihohi 35 da suka yarda a hau waɗansu hanyoyi bisa sharuɗɗa. Jihar Ayowa tana da gundumomi 99, dā kowace takan yanke nata hukunci, ko da yake manoma suna da izini domin aikin gona. Cikin 2022 jihar ta yi doka guda ta buɗe hanyoyin karkara. Ta ce sai mai shekara 18, mai lasin da inshora, fitila a kunne, kada gudu ya wuce mil 35 a awa, wajen kilomita 56 ke nan.

Sharuɗɗan suna da kyau a takarda. Amma wa zai tsare su? A karkara 'yan sanda kaɗan ne, hanyoyi kuwa da yawa. Kuma da zarar an ce doka ta yarda, iyaye sukan ɗauka cewa abin ba shi da haɗari. A ganinmu akwai bambanci tsakanin manomi da ya tsallaka hanya a hankali zuwa gonarsa, da saurayi da ya ɗauki abokinsa a baya suna tsere da motoci. Na farko larura ce. Na biyu kuwa babu cinikin da zai biya iyaye idan aka kawo musu gawa.

Mu ma a nan hanyoyin ƙauyukanmu a cakuɗe suke. Tarakta da amalanken shanu da babur da keke da babbar mota duk hanya ɗaya suke bi, wani da gudu, wani a hankali, wani kuma ba fitila da dare. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Nijeriya, amma ma'aikatanta ba za su iya tsayawa a kowace kwana ba. Aiki na fari yana hannun mai gida da uwar gida.

Saboda haka, iyaye, kafin ku miƙa wa yaro makullin kowane abin hawa, ku tambayi kanku: domin wace hanya aka ƙera shi? Shekarun yaron sun kai? Yana da hular kwano? Mutum nawa aka yi shi ya ɗauka? Idan tarakta ko amalanke za ta bi hanya da yamma, a sa mata fitila ko abu mai walƙiya a baya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.