Kakkauran Harafi Mai Ƙafa: Siffarsa da Wuraren da Ya Dace

Gabatarwa

Masu ɗab'i sun kasa haruffan boko gida biyu. Akwai na cikin shafi, waɗanda ake dogon karatu da su, akwai kuma na kanu, waɗanda aikinsu shi ne kiran ido daga nesa. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin kashi na biyu, wato kakkauran harafi mai ƙafa.

Siffarsa

Abin da ake nufi da ƙafa shi ne ɗan layin da ke gicciye a ƙarshen sandar harafi, wanda ke sa harafin ya zauna daram. Sanannen misali shi ne samfurin Clarendon, wanda Robert Besley ya fitar a Landan cikin 1845. Sandarsa kakkaura ce, ƙafarsa kuma ta haɗu da sandar da ɗan lanƙwasa. Amma gwargwadon kaurin sanda, gwargwadon yadda farin da ke cikin haruffa irin su a da e da o ke ƙuntata.

Inda Ya Dace

Saboda haka wurinsa shi ne kanun jarida, da bangon littafi, da takardar sanarwa, da allon shago irin na Babbar Kasuwar Sakkwato, inda mai wucewa kallo ɗaya zai yi. Idan aka ƙanƙanta shi aka cika shafi da shi, sai tawada ta cushe, ido ya gaji. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a Sakkwato. Duk wanda ya duba littattafan hannu da ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu zai tarar marubutan da sukan fito da kalmar babi ko fasali da kakkauran alƙalami ko jar tawada, su bar matani a yadda yake.

Matsalar Ƙugiya

Tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, rubutun Hausa ke amfani da ɓ da ɗ da ƙ. Ƙugiyar waɗannan baƙaƙe tana zama ne a saman sanda, daidai inda ƙafar b da d da k take. In harafi ya yi kauri ainun, ƙugiya kan dunƙule ta yi kama da ƙafa, ma'ana kuwa ta sauya: ɓari ya koma bari, ɗaka ya koma daka, gidan ƙasa ya zama gidan kasa, macijiya. Wasu samfuran ma ba su da waɗannan baƙaƙe sam, sai injin ya aro siririn harafi ya cusa a tsakiyar kalma.

Kammalawa

Ya kamata mai ɗab'in Hausa, kafin ya zaɓi samfuri, ya fara buga Ɓ da Ɗ da Ƙ, manya da ƙanana, ya kafe takardar ya ja da baya. In ƙugiya ta fito sarai daga nesa, harafin ya cancanci kanu. In ta ɓace, kyawunsa bai amfani Hausa da kome ba.