Zaizayar Ƙasa da Tsabtar Ruwa a Kogin Kano da Challawa

Duk wanda ya tsaya a gadar Wudil cikin watan Agusta zai ga ruwa ja wur kamar kunun kanwa. Wannan jar laka ba daga sama ta faɗo ba, gonakin talakawa ne ruwa ya kwaso. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejia, saboda haka abin da ya zube daga tudun Ƙaraye ko na Rano, can zai bi.

Yadda ɓarnar take

Idan ruwan sama ya sauka a kan tsirarar ƙasa, sai ya farfasa ta, ya gangara da ita. Gwargwadon saurinsa, gwargwadon abin da zai ɗauka. Ƙasar sama, wadda taki ke cikinta, ita ce kan fara tafiya, a bar manomi da tsakuwa. 'Yar hanyar ruwa da aka raina bana, baɗi ta zama kwazazzabo.

Hasarar kuwa biyu ce. Mai gona ya rasa albarka, na gangare kuma ya sha gurɓataccen ruwa, gauraye da takin zamani da maganin feshi. Lakar nan tana kwantawa cikin madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa, ta 1992, tana rage musu zurfi. Tana kuma ƙara wa ma'aikatar ruwa ta Tamburawa wahalar tacewa, tana toshe magudanan Haɗejia inda ciyawar kacalla ta riga ta kafu.

Magani

1. A yi huɗa a gicciye, kada kunya ta bi gangara, don kowane kwari ya riƙe ruwansa har ƙasa ta shanye.
2. A dasa gamba ko jema a kan iyakokin gonaki. Saiwarsu tana ɗaure ƙasa.
3. Kada a yi noma har bakin rafi. A bar ciyawa da itatuwa su tace ruwa kafin ya shiga.
4. A bar kara a gona, a daina ƙone daji, a kuma kyale gawo ya tsaya.
5. A tare kwazazzabo tun daga kansa da duwatsu da ƙirare, tun yana ƙarami.

Aikin Hakimai

Ruwa bai san iyakar gunduma ba. Gyaran mutum ɗaya banza ne in maƙwabcinsa na tudu ya sake. Don haka ya kamata Hakimi ya tara Dagatai da masu unguwanni tun da bazara, su zaga tare da malamin gona. Magatakarda ya rubuta kowane kwazazzabo, da tsawonsa, da gonar da ya ci, a sake aunawa bayan kaka. Lalle ne kuma Hakiman tudu da na gangare su riƙa shawara da juna, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.