Malam-Buɗe-Littafi Mai Riga Biyu

Ɗalibin nazarin harshe ya saba cin karo da "malam-buɗe-littafi" a darasin harɗaɗɗun sunaye, amma ba kowa ya taɓa tsayawa ya dubi mai sunan ba. Bahaushe ya ba shi wannan suna ne saboda yadda yake buɗe fikafikansa yana rufewa, kamar mai duba littafi. To, wanda wannan maƙala za ta yi tsokaci a kansa malami ne da ya fi son zama da littafinsa a rufe.

Masana kimiyyar halittu suna kiran danginsa Bicyclus, kuma a Afirka kawai ake samun su. Ƙanana ne, masu launin ruwan ƙasa, faɗinsu bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba in sun buɗe fikafikai. Ba sa tashi sama sosai. Cikin ciyawa suke shawagi, musamman a gindin itatuwa da bakin kurmi inda akwai inuwa. A nan Nijeriya akwai irin da ake kira Bicyclus safitza, amma wanda aka fi yin bincike a kansa shi ne ɗan'uwansa na gabashin Afirka, wato Bicyclus anynana. A 1988 aka kamo mata kimanin 80 a Nkhata Bay ta ƙasar Malawi, aka kai su Jami'ar Leiden da ke Holan, inda Farfesa Paul Brakefield da abokan aikinsa suka yi ta kiwon zuriyarsu.

Macen tana nasa ƙwai a kan ganyen ciyawa. Tsutsar da ta fito ciyawar ce abincinta, galibi da dare take ci, har ta girma ta rataye kanta ta ƙulle cikin kwanso, daga nan ta fito da fikafikai. A ɗakin bincike ganyen masara ake ba ta, don masara ma dangin ciyawa ce. Babban kuwa bai damu da fure ba. Abin da yake nema shi ne 'ya'yan itacen da suka faɗo suka fara ruɓewa, ya zura siririn bakinsa ya tsotse ruwan. Ayaba ake yanka masa a wurin kiwo.

Abin mamakin yana ga rigarsa. Wanda ya fito da damina yana da manyan zobba a bayan fikafikansa masu kama da idanu: fari a tsakiya, sai baƙi, sai rawaya a kewaye. Na rani kuwa idanun nan sun ƙanƙance sun koma ɗigo-ɗigo, launinsa ya dushe kamar busasshen ganye. Wanda bai sani ba zai rantse iri biyu ne, alhali kaka ne da jika. Abin da ke yanke hukuncin shi ne zafin da tsutsa ta ji dab da shiga kwanso. A Malawi damina ce lokacin zafi, rani kuma lokacin sanyi. In aka rene ta a digiri 27 sai ta fito da manyan idanu, in a digiri 19 ne ta fito da rigar rani.

Me ya kawo haka? Batun tsira da rai ne. Da damina abokin gabarsa ƙoƙi-ƙoƙi ne, kuma wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa idanun suna jan hankalinsa ya kai sara gefen fiffike maimakon jiki, sai malam ya tsere da yagaggiyar riga. Da rani ciyawa ta bushe, tsuntsaye suna bincike cikin ganyayen da suka zuba, duk mai ƙyalƙyalin ido ya tona wa kansa asiri.

Ba rigar kaɗai ke sauyawa ba. Na damina yana yin 'yan makonni ne a duniya, ya hayayyafa da gaggawa ya mutu. Na rani yakan tara kitse, ya rage zirga-zirga, ya yi watanni yana jiran ruwan farko kafin a nasa ƙwai, tunda babu ɗanyar ciyawar da tsutsa za ta ci. Har neman aure ma yakan juye. Binciken da aka wallafa a 2011 ya gano cewa da damina namiji ke bin mace yana karkaɗa mata fikafikai, amma da rani macen ce takan yi zawarcin namiji, shi kuma ya tsaya yana zaɓe.