Zaɓen Dillalin Gida Ko Fili: Jagora Ga Baƙo A Kontagora

Garin Kontagora, wanda Umaru Nagwamatse ya kafa a 1864, yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Ikko, ta bi ta Jebba da Mokwa, ta nufi Yawuri da Sakkwato. Saboda haka ba ya rabuwa da baƙi. Akwai malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, da sojan da aka kawo bariki, da ɗan kasuwar hatsi ko na dabbobi, har da manomin da rashin tsaro ya taso daga ƙauyensu. Kowannensu abin da zai fara nema shi ne wurin da zai sa haƙarƙarinsa. Hausawa kuwa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, dillali shi ne ɗan jagoransa. In ya dace da nagari ya huta. In ya faɗa hannun mugu, kuɗin sallamar da ya yi shekara 35 yana wa aiki sai su salwanta a wuni guda.

Dillalai Iri Biyu

Akwai masana kimanta gidaje da filaye, waɗanda suka yi karatun sana'ar. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta kafu a 1969, sa'an nan Doka ta 24 ta 1975 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista, wadda ake kira ESVARBON. Kowane ɗayansu yana da lambar rajista, in kuma ya ci amana hukumar tana da ikon soke sunansa. Sai dai ofisoshinsu sun fi yawa a manyan birane kamar Minna da Kaduna da Abuja.

Iri na biyu su ne dillalan unguwa, kuma su baƙo ya fi cin karo da su. Ba su da takardar makaranta a kan sana'ar, jarinsu shi ne mutunci da sanin gari. Da yawansu mutanen kirki ne, sun san tarihin kowane kango da kowace gona. Amma da yake sana'ar ba ta da ƙofa, ɓata-gari ma sukan shige ta. Wajibi ne baƙo ya san yadda zai rarrabe tsaki da tsakuwa.

Alamomin Dillali Nagari

Na farko, yana da mazauni sananne da mutanen da za su tsaya masa. Kada baƙo ya dogara da wanda ya tare shi a tasha, ko wanda ba a san shi ba sai ta lambar waya. Matambayi ba ya ɓata. Sai ya tambayi mai unguwa, da limamin masallaci ko shugaban majami'a, da abokan aikinsa da suka riga shi zuwa garin. Idan mutum uku waɗanda ba su haɗa komai ba suka yabi dillali guda, to, an kama hanya.

Na biyu, yana haɗa mai saye da mai dukiya ido da ido. Sau da yawa fili ɗaya yakan bi ta hannun dillali huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa a kan farashi, har a rasa wanda ya taɓa ganin mai shi. Duk dillalin da ya ce mai gida ya yi tafiya, ko ba ya son a san shi, a dakata da cinikin har ya bayyana, ko a ga wakilinsa da takardar wakilci. Ba a cinikin biri a sama.

Na uku, yana faɗin la'adarsa tun kafin a taka ƙafa. A wurare da yawa a Nijeriya akan yi maganar kashi 5 cikin 100 a kan sayarwa, da kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara a kan haya, amma abin yarjejeniya ne. A yanke nawa ne, da wanda zai biya, da lokacin biya. La'ada ba ta wajaba sai ciniki ya faɗa.

Na huɗu, ba ya ɓoye aibi. Filin da aka gani fes da rani yana iya zama tafki a watan Agusta, musamman in yana cikin kwari ko kusa da Kogin Kontagora. Wani yana ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, wani kuwa a kan inda aka shata hanya. Ya kyautu baƙo ya sake komawa wurin shi kaɗai, ya gaisa da maƙwabta, ya tambaye su ina ruwa yake bi da damina, wa suka sani da filin, kuma ko an taɓa rigima a kansa.

Na biyar, ba ya azalzala. Wanda ya ce wani Alhaji yana nan tafe da kuɗi a hannu, sai a biya yau ko a rasa, tsoron bincike yake yi. Haka nan farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai da na maƙwabta abin tuhuma ne, domin araha ba ta ado.

Abin Da Doka Ta Ce

Komai nagartar dillali, ba shi ke ba da mallaka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka sanya cikin Tsarin Mulki na 1979 da na 1999, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Filayen da ke cikin yankin da aka ayyana birni ne Gwamna ke ba da izinin zama a kansu, da satifiket wanda galibi wa'adinsa shekara 99 ne. Na karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ce ke ba da izininsu bisa al'ada. Sashe na 22 ya hana mai satifiket sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne.

Abin lura a nan shi ne, takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki, amma ba ta zama a madadin takardar hukuma. Sai a ɗauki lambar fili ko ta satifiket a kai ofishin filaye, ko hukumar NIGIS mai ajiye bayanan filayen Jihar Neja a Minna, a duba sunan wa ke kai, kuma ko an jinginar da shi a banki. Sa'an nan a kira safiyo mai rajista ya gwada, ya tabbatar turakun iyaka sun dace da taswira. Dillali nagari da kansa zai raka mai saye wannan bincike.

Gidan Gado

A nan ne baƙi suka fi shiga uku. Ɗa guda yakan sayar da gidan mahaifinsa alhali ba a raba gado ba, bayan shekara biyu 'yan'uwa mata ko marayun da suka girma su kai ƙara. Har wa yau, a fiƙihun Malikiyya wanda ya yi tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓe kason da aka sayar. Saboda haka lalle a nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuwa dukan magada su sa hannu a gaban shaidu.

Biyan Kuɗi Da Kama Haya

Kuɗin gida ko fili a hannun mai shi ake sa su, ta banki, da sunan da ke cikin takarda, a kuma karɓi rasit. A sa lauya ya rubuta yarjejeniya mai ɗauke da iyakoki huɗu da farashi da sunayen shaidu. Abin da lauya zai karɓa bai kai kuɗin zirga-zirgar kotu ba.

Mai neman haya shi ma kada ya biya sai ya shiga ɗakin, ya ga mai gida, ya tabbatar wanda ke ciki ya tashi. A duba rijiya ko famfo, da makewayi, da bashin wutar lantarki da aka bari. A rubuta ranar shiga, da ranar ƙarewar kuɗi, da wanda gyara ke kansa.

Idan An Cuci Mutum

Kada kunya ta sa a yi shiru, domin wanda ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu zai sayar wa na uku. A tattara rasit da shaidar banki a kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, ba tare da zaɓin tara ba, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara.

Ana kira ga masu unguwanni da dagatai da shugabannin dillalai a Masarautar Kontagora su tsaya tsayin daka wajen tsarkake wannan sana'a, su kuma riƙa nuna wa baƙo amintaccen mutum. Baƙo kuma ya yi haƙurin mako biyu ko uku na tambaya da bincike kafin ya ciro kuɗinsa. Rigakafi ya fi magani.