Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu

Ku da kuka soma karatu, ga wata kalma ta Turanci da za ku riƙa gamuwa da ita, watau "resort". Asalinta daga bakin mutanen Faransa ne, ta shiga Turanci tun fiye da shekara 600 da suka wuce. Tushen ma'anarta shi ne komawa. Daga nan ta rabu biyu.

Ta farko, wurin da mutane kan koma su huta. A zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama aikin a 1974, aka kuma gina masaukin baƙi kusa da ruwan domin masu zuwa shan iska. Irin wannan mu kan ce masa wurin shaƙatawa, gama can mutum yake shaƙar iska, gajiya ta sake shi.

Ta biyu, abin da mutum kan koma gare shi in dabara ta ƙare. Manomin Bebeji da aka ci masa iyakar gona, in dattawa sun kasa, sai ya tafi gaban alƙali. Wannan mu kan ce masa madafa, ko mafaka.

To, ku lura. Tafintan da ya bi tushen kalmar kaɗai, ya ce Tiga makoma ce, ya ɓata zance, gama Bahaushe in ya ji "makoma", lahira yake tunawa. Saboda haka kada ku juya kalma sai kun duba maganar da ke kewaye da ita.