Wa Ya Narkar da Ƙarin da Ba a Gasa Ba?

Mai cutar daji daga Tasawa ko Mayahi, idan likita ya ce sai an gasa ƙarin da hasken na'ura, Yamai zai nufa, tafiyar fiye da kilomita 700, domin a can cibiyar yaƙi da cutar kansa ta ƙasa ta fara gashin a 2021. Na'urar kan saita haskenta a kan ƙari guda. Amma jefi-jefi likitocin duniya kan ga abin ɗaure kai: a gasa ƙari a wuri ɗaya, wani can nesa da haske bai taɓa ba shi ma ya motse. Tun 1953 R. H. Mole na Ingila ya yi rubutu kan irin wannan. Wa ke kai saƙon?

An yi shekara 50 ana laluben sawu. A 2004 Sandra Demaria da abokan aikinta a New York suka dasa wa ɓeraye ƙari biyu, suka gasa ɗaya, suka haɗa da maganin ƙarfafa garkuwa. Na biyun ya rage saurin girma. Da aka maimaita a ɓerayen da ba su da ƙwayoyin garkuwa na T, ko gezau. Ashe garkuwar jiki ce.

To, me ya sa ta yi shiru tun farko? Nan labarin ya fi daɗi. A 2005 ayarin Guido Kroemer a Faransa ya kashe ƙwayoyin cutar daji da maganin doxorubicin, ya yi wa ɓeraye allurarsu, sai suka samu kariya kamar an yi musu rigakafi. Waɗanda aka kashe da mitomycin C ba su tsinana komai ba. Wato mutuwa iri-iri ce. Wata ƙwayar kan mutu shiru, wata da kururuwa: ta fito da sinadarin calreticulin a fatarta, ta zubar da ATP da HMGB1. Sai ƙwayoyin sintiri su zo su kwashi gawar, su nuna wa ƙwayoyin T kamanninta, kamar yadda maharbi kan shinshina wa karensa jinin nama. Daga nan farauta ta game jiki, har ta kai ga ƙarin da ba a gasa ba.

Sai dai kada a ɗora buri a kan wannan. Wani nazari ya ƙirga mutum 46 kacal da aka rubuta cewa ƙarinsu na nesa ya motse bayan gashi tsakanin 1969 da 2014, don ƙari ya iya danne garkuwa. Duk wanda ya ji kullutu a nono ko a wuya, ya garzaya asibiti tun bai bazu ba.